Tafiyata Kusko kallon bikin rana na Inka: tikiti huɗu, ciwon tudu da abin da na tarar

Shekara shida na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin in samu gurbin ƙaro karatu a Sao Paulo ta ƙasar Brazil, kuma duk tsawon lokacin nan abin da na sani game da addinin Inka, tsohuwar daular Kudancin Amurka, bai wuce layi ɗaya ba: wai rana suke bauta wa. Da Allah ya kawo ni nahiyarsu sai na ƙudurta ba zan koma gida ba sai na je Kusko, tsohon babban birninsu da ke ƙasar Peru, na ga bikin Inti Raimi da ake yi kowace 24 ga Yuni. Na je a 2024. Na sha wahalar da ba ta zama dole ba, na kuma yi asarar kuɗi saboda rashin wanda zan tambaya, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Farashin da zan ambata na waccan shekarar ne, lokacin dala ɗaya tana kusan sol 3.8 na kuɗin Peru. In za ka nemi wuraren a intanet, Cusco, Qorikancha, Sacsayhuamán da Inti Raymi suke rubutawa.

Na fara da biza, domin mai fasfo na Najeriya sai da ita yake shiga Peru. A ƙaramin ofishin jakadancinsu an nemi fasfo mai sauran aƙalla wata shida, fom, hoto, katin zamana na Brazil, tikitin jirgi na zuwa da dawowa, takardar banki da shaidar masauki. Kuɗin kwatankwacin dala 30 ne. Zuwan farko an dawo da ni, kuma laifina ne: kwana takwas zan yi, amma shaidar masaukin kwana biyar na kai, don ban yanke shawarar inda zan kwana a hanyar Machu Picchu, kufan garin Inka da ke kan dutse, ba. Na cike giɓin na koma, bizar ta fito. Babban kuskurena shi ne na ce ba zan sayi komai na bikin ba sai biza ta zo hannu. Kafin ta zo masaukai masu sauƙi na tsakiyar gari sun cika, kujerun da ke fuskantar dandamalin wasan ma sun ƙare.

Nan ne ruɗanin ya fara, don ni a zatona tikiti ɗaya ne. Wani dillali da na samu a intanet ya ce zai haɗa mini komai, na tura masa kafin alƙalami, da na matsa da tambaya sai na gane abin da zai ba ni mota ce da abincin rana da tsayuwa a bakin titi inda kowa ke tsayawa kyauta. Kuɗin nan ba su dawo ba. Abin da yake nan shi ne tikiti huɗu ne, kowanne da mai shi. Na farko kujerar bikin a Saksaiwaman, tsohuwar ganuwar duwatsu da ke saman gari, kujerar da kamfanin bukukuwa na ƙaramar hukumar Kusko ke sayarwa ta shafin sayar da tikiti na Teleticket. An raba rumfunan da launi, ruwan lemo a tsakiya, ja da kore a gefe, kuma tawa ta gefe ta haura dala 100. Na biyu tikitin yawon buɗe ido na Kusko, sol 130, yana aiki kwana 10 a wurare 16. Na uku kuɗin shiga haikalin Korikanca kansa, wanda ba ya cikin na biyun, a bakin ƙofa ake biya. Na huɗu Machu Picchu, sol 152, daga ma'aikatar al'adu. Babu wanda ke maye gurbin wani.

Na yi Babbar Sallah ranar Lahadi 16 ga Yuni, na tashi Laraba. Kusan awa biyar zuwa Lima, babban birnin Peru, sannan awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa Kusko. A Lima jami'in shige da fice ya duba biza, ya tambayi kwana nawa zan yi, ya miƙo mini fasfo ba tambari. Hankalina ya tashi, har na koma na tambaya. Ashe tun 2023 sun daina buga tambari a filin jirgin, a kwamfuta ake rubuta shigarka.

Kusko tana kan tudu mai tsayin mita 3,400, ni kuwa daga Lima na fito, bakin teku. Awa uku da sauka kaina ya fara sarawa kamar ana daka a ciki, matakala goma sai na tsaya na huta. Soroce suke kiran ciwon. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne sallah: in na yi sujada na ɗago sai in ga duhu-duhu, ga ruwan alwala kamar ƙanƙara, don Yuni tsakiyar hunturunsu ne, da dare sanyi kan kai kusan sifiri, da rana kuma rana ta ƙona fata. Dattijuwar da na sauka a gidanta ta kawo mini shayin ganyen koka, wanda daga jikinsa ake fitar da hodar iblis, ta ce in kwanta, kada in ci abu mai nauyi. Mamita ake ce wa irinsu, ni ma haka na riƙa kiranta. Yinin farko a kwance na yi shi. Da a jajibirin bikin na sauka, kamar yadda na so yi don rage kuɗin masauki, da a kan gado zan yi Inti Raimi.

Washegari na lallaɓa zuwa ofishin da ke titin Abenida El Sol, na yi layi na kusan rabin awa, na biya sol 130 kuɗi hannu, aka rubuta sunana a tikitin. Daga nan na gangara Korikanca, kuma nan ne layi ɗayan nan da na shekara shida ina maimaita wa ɗalibai ya warware. Sunan da harshen Kecuwa, yaren Inka, yana nufin shingen zinariya. Sarki Pacakuti ne ya sake gina shi a ƙarni na 15, duwatsun an sassaƙa su sun haɗu ba laka ba siminti, ko allura ba ta shiga tsakani. Faifan zinariya ne suka lulluɓe bangon, aka ɓamɓare wajen 700 don fansar Sarki Atawalpa bayan Sifaniyawa sun kama shi a Kahamarka a 1532, kuma duk da haka suka kashe shi a 1533. Daga baya limaman ɗariƙar Dominikan suka ɗora cocinsu a kan harsashin. Girgizar ƙasar 1950 ta rusa sashen cocin, bangon Inka ko gezau, shi ne ma ya ƙara fitowa fili.

A ciki na ga ɗakuna, ba ɗaki ɗaya ba. Akwai wanda ake danganta wa Mama Kilya, wato wata, matar rana. Akwai na Ilyapa mai tsawa da ruwan sama, akwai na taurari da na bakan gizo. Sama da su duka kuma akwai Wirakoca, wanda suka ce shi ya halicci rana kanta, ya fito da ita daga tafkin Titikaka. Inti, wato rana, uban gidan sarauta ne, Sarki ɗansa ne, saboda haka bautarsa addinin hukuma ce da ake kai wa duk ƙasar da aka ci da yaƙi. Talaka kuwa yana da nasa: waka. Waka na iya zama dutse, maɓuɓɓuga, kogo, kabarin kaka, duk abin da suke ganin yana da iko. Wani zane a bango ya nuna layuka 41 da suka fita daga haikalin zuwa kusurwa huɗu na daula, a kansu akwai waka 328, kowace da zuriyar da ke kula da ita da ranar da ake kai mata hadaya. Na daɗe a gaban zanen nan. Abin da ya faɗo mini shi ne Dutsen Dala da Tsumburbura da Barbushe, da tsamiya ko kukar da kakanni ke cewa ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Dabarar mulkin ce ta fi ba ni mamaki: in Inka suka ci gari ba sa rusa gunkinsa, Kusko suke kawo shi su ajiye da girmamawa, ya zama baƙo kuma garkuwa. Garin da ya yi tawaye ya san abin bautarsa na hannun Sarki.

Sannan ga matattu. Sarkin Inka in ya mutu ba ya barin gadon dukiyarsa. A busar da gawar, a tufatar da ita, danginsa su ci gaba da riƙe gidajensa da gonakinsa da sunansa, a kai masa abinci, a nemi shawararsa, ranar biki a fito da shi dandali ya zauna cikin sauran sarakuna bisa tsarin girma. A 1559 wani alƙalin Sifaniyawa, Polo de Ondegardo, ya binciko gawawwakin da aka ɓoye, aka aika wasu Lima. Amma ɗabi'ar fito da manya dandali ba ta mutu ba. Mamita ta gaya mini da na zo makonni uku kafin nan da na ga bikin Korpus Kristi, inda ake ɗauko mutum-mutumin waliyyai 15 daga majami'u a kafaɗa a zagaya da su wannan dandalin.

Ranar 21 ga wata, lokacin da yini ya fi gajarta a can, wanda shi ne ainihin lokacin bikin a zamanin da, na yi amfani da tikitin sol 130 na hau Saksaiwaman da kufan Kenko da na Tambomacai. Ina ba kowa shawarar ya yi haka kafin ranar biki, don ranar 24 ba za ka samu sukunin duba duwatsun ba, wasunsu sun fi tan 100. A Kenko akwai kogon da aka sassaƙa teburin dutse a ciki, da ƙananan magudanai a saman dutsen da ake cewa nan ake kwarara hadaya. Na ɗauki ɗan jagora a bakin ƙofa, kuma a nan zan ja kunne: wasunsu suna haɗa tarihi da abin da baƙo ke son ji. Nawa ya rantse tutar nan mai launin bakan gizo da ke ko'ina a gari tutar sarakunan Inka ce, alhali a 1978 ƙaramar hukuma ta ɗauke ta. Da na tambaye shi hadayar mutane sai ya ce ƙaryar Sifaniyawa ce. Ba ƙarya ba ce. Kapakoca ake kiranta, ana yinta in Sarki ya mutu ko wata masifa ta sauka, a zaɓi yara marasa tabo a kai su ƙololuwar duwatsu. A 1995 Johan Reinhard da abokin tafiyarsa suka gano gawar yarinya a dutsen Ampato, tana gidan tarihi a Arekipa, a 1999 kuma aka gano yara uku a saman dutsen Yuyayako, mita 6,739, gawawwakinsu na birnin Salta na Ajantina. Abin bai kai yawan na daular Aztek ta Meziko ba, amma ya faru.

A hanyar saukowa ɗan jagoran ya yi mini tayin kai ni wurin wani boka a yi mini hadayar Pacamama, uwar ƙasa, da ganyen koka da alewa da kitsen lama (dabbar kiwonsu, dangin raƙumi), a kan kuɗi. Na ce masa, “Amigo, ni Musulmi ne, gani na zo yi, ba yi ba.” Ya yi dariya ya bar maganar. Za a yi maka irin wannan tayin sau da yawa, kuma kalma ɗaya cikin ladabi ta isa. Haka batun abinci. Abin shansu, cica, iri biyu ce: morada, mai launin zoɓo, ta dafaffiyar masara ce ba ta sa maye, amma cica de hora giyar masara ce, 'yar'uwar burkutu, ita ce ta hadaya. Cicarron da lecon da adobo na Kusko duk alade ne. Abincin alfarmarsu kui, wato ɓeran Masar, har a zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa da ke babban cocin gari wata dabba mai kama da shi ce a faranti. Ni dai kifin truca na riƙe, da ƙwai da masara da dankali.

Ranar Litinin 24 ga wata na yi asuba na fita, ƙarfe bakwai ina gaban filin Korikanca, amma na tarar da mutane sun riga ni. Bikin zango uku ne: Korikanca wajen ƙarfe tara, babban dandalin gari wajen sha ɗaya, Saksaiwaman bayan ɗaya da rabi. Biyun farko ana iya kallo a tsaye kyauta. Muka yi awa biyu cikin sanyi, sai aka busa pututu, ƙahon katantanwar teku, mai amo kamar na farai amma ya fi kauri. Dakaru suka fito, sai zaɓaɓɓun mata, akila, waɗanda a da ake killacewa suna saƙa da dama cica don rana. Can sai wanda ya fito a matsayin Sarkin Inka ya bayyana a saman lanƙwasasshen bangon nan, ya ɗaga hannu biyu yana kiran rana da Kecuwa. Ban ji ko kalma ba, amma tsit ɗin da dubban mutane suka yi ya ratsa ni. Wata mata kusa da ni tana share hawaye, da giciye a wuyanta.

Sai na yi kwaɗayin ganin duka ukun, sauri ya haifi nawa. Na kutsa zuwa dandali, ban ga komai ba sai ƙeyar mutane da saman karagar da aka ɗauko Sarki a kai, kamar wanda ya zo hawan daushe a makare. A nan ne Sarki ke haɗuwa da magajin garin Kusko na yanzu ya yi masa nasiha kan riƙon jama'a. Kafin in fita daga cunkoson sha biyu ta wuce, an rufe tituna, babu mota. Da ƙafa na hau, kusan kilomita biyu na tudu zuwa mita 3,700, ina tsayawa duk bayan 'yan taku. A ƙofa aka haɗa tikitina da fasfo, na zauna ina haki ana gab da farawa. Mutanen gari da yawa a kan tuddan kewaye suka zauna da iyalansu da tukwanensu.

Abin da aka yi a filin ya kai kusan awa biyu. Wakilan sassa huɗu na daula, Cincaisuyu, Antisuyu, Kolyasuyu da Kuntisuyu, suka shigo da ɗaruruwan 'yan rawa, kowa ya kawo rahoton ƙasarsa. Sarki ya ɗaga kofin cica ga rana ya kwarara. Aka kunna sabuwar wuta, wadda a da babban limami ke kamawa daga hasken rana da wani munduwa mai gogaggen ƙoƙo da auduga. Aka hau da lama kan dandamali, limami ya ɗaga abin da ya yi kama da zuciya don karanta shekara mai zuwa, amma kwaikwayo ne, ba a yanka ta. Aka raba sanku, wainar masara. A zamanin da kafin wannan rana mutane kan yi kwana uku suna kamun baki, ɗanyar masara kaɗan da ganye da ruwa kawai, ba a hura wuta a gari, ba a kusantar iyali. Yanzu babu wannan, ana sayar da soyayyen nama a bayan rumfa.

Ya kamata mai zuwa ya san me ya biya kuɗi ya gani. Biki na ƙarshe da aka yi a gaban Sarkin Inka a 1535 ne, kuma a 1572 wakilin Sarkin Sifaniya, Fransisko de Toledo, ya haramta shi. Wanda ake yi yau an tsara shi a 1944. Humberto Vidal Unda ya kawo shawarar, Faustino Espinoza Navarro ya rubuta wasan, shi ne ma ya fara fitowa a matsayin Sarki. Sun dogara ne da bayanin Garsilaso de la Bega, ɗan wata gimbiyar Inka da sojan Sifaniya, wanda ya bar Kusko a 1560 yana saurayi, littafinsa ya fito a 1609 yana tsoho, yana ƙoƙarin wanke dangin uwarsa a idon Turawa. Shi ne ma ya musanta hadayar mutane, don haka na san inda ɗan jagorana ya samo tasa. Wasa ne mai kyau ƙwarai, kuma ga mutanen Kusko ya wuce wasa, taƙama ce da harshensu da kakanninsu. Amma ba ibadar da aka gada ba yankewa ba ce.

Da aka tashi na samu gefe nesa da kufan na haɗa azahar da la'asar. A gangare na tarar da iyalai sun gina ƙananan murhu da ɓurɓushin hoge, sun hura wuta har ya yi ja, sun zuba dankali sun rushe ƙasar a kai. Watiya suke ce masa. Wani dattijo ya miƙo mini biyu da zafinsu. Dankalin da muke kira na Turawa, ashe nan ne gidan ubansa. Kafin dattijon ya kai kofinsa baki sai na ga ya ɗan zuba a ƙasa. Na tambaya, ya ce na Pacamama ne. Da daddare na ba Mamita labari, ta ce ita ma haka take yi, kuma a watan Agusta, lokacin da ƙasa ke jin yunwa, sai ta kai hadaya, ranar Lahadi kuma tana coci. Ta nuna mini wajen dutsen Ausangate ta kira shi apu, wato ubangijin wuri, da irin muryar da ake ambaton dattijon unguwa. A nan na ga ragowar addinin Inka, ba a rumfar dala 100 ba.

Machu Picchu ba zan tsawaita ba. Ƙaramar mota zuwa Olyantaitambo, jirgin ƙasa na kusan awa biyu zuwa Aguwas Kaliyentes, bas na dala 24 hawa da sauka. Daga 1 ga Yuni 2024 an raba wurin zuwa zagaye uku, kuma tikitinka na ɗauke da zagayenka da sa'ar shigarka, ba a komawa baya. Na ɗauki na biyu, na hango haikalin rana daga sama, da tagar da hasken safiya ke shigowa ta cikinta a wannan mako na Yuni. Sunan tikiti ya dace da na fasfo harafi da harafi. Wurin mita 2,430 ne, ƙasa da Kusko sosai, numfashi ya dawo mini.

Da zan sake, tun watan Afrilu zan kama masaukin da ake iya sokewa in fara neman kujerar biki, ba sai biza ta fito ba. Zan sake sauka aƙalla kwana huɗu kafin 24, ko in wuce kwarin Olyantaitambo kai tsaye in kwana biyu, tunda ya fi ƙasa. Korikanca da Saksaiwaman kafin biki, ba bayansa ba, don in ba ka san wane ne Wirakoca ko mene ne waka ba, rawa da tufafi kawai za ka gani. Ranar kanta zango biyu sun isa: ka ga na safe, ka tsallake dandali, ka hau tudu da wuri. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya kan biyun farko na kyauta, bai yi asarar da ta kai dala 100 ba. Ka riƙe fasfo, hula, ruwa, rigar sanyi da tsabar sol, ka kuma sa jaka a gaba cikin cunkoso.

Abu na ƙarshe shi ne koka. A Peru halas ne a doka, a kasuwa ake sayar da ganyen kamar zogale, kuma shi ne abin hadaya mafi daraja tun zamanin Inka, ganye uku ake haɗawa a hura wa duwatsu. Amma da ka tsallake iyaka ya zama wani abu dabam, shayinsa ma yana iya fitowa a gwajin ƙwaya na 'yan kwanaki. Ranar tafiya Mamita ta ƙulle mini ɗan ƙunshi a leda, tsarabar hanya. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. A filin jirgin Kusko, kafin layin bincike, na tuna da koren fasfon da ke aljihuna da irin kallon da ake yi masa, na zazzage jakata kaf, har aljihun rigar sanyi inda na tsinci ganye huɗu da suka maƙale tun ranar Saksaiwaman. Na ba wani mai shara ƙunshin, ya buɗe ya sunsuna, ya cusa kaɗan a kumatu ya ci gaba da aikinsa.